Wane Haske Ne Ya Dace da Hoton Tsohon Rumbu da Zauren Ƙasa?

Tambaya: Wani ɗan'uwa ya rubuto cewa a ƙauyensu da ke arewacin Kano akwai tsofaffin rumbunan kakansa da wani zauren ƙasa, kuma ana shirin rushe zauren a sa bulo da kwano. Yana so ya adana su a hoto tun kafin a taɓa su. Damuwarsa ita ce duk hoton da ya ɗauka sai ginin ya fito a shafe babu armashi, sama ta yi fari fat, ƙarƙashin jinka ya yi baƙi ƙirin. Yakan isa ƙauyen wajen ƙarfe 11 na safe, ya juyo da an yi la'asar. Yana da waya da wata ƙaramar kyamara. Filashi zai saya, ko kyamara mai tsada?

Amsa:

Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna. Amsar tana cikin tambayar taka: kana isa ƙarfe 11, kana juyowa kafin rana ta yi sanyi. Waɗannan awannin su ne mafi wahala ga mai ɗaukar ginin ƙasa daga waje, kuma ko kyamarar miliyoyi ka riƙe a lokacin, abin da za ta ba ka ba zai yi wa na wayarka nisa ba. Abin da ya kamace ka shi ne ka kwana a ƙauyen, ko da dare ɗaya ne, ka sami yammaci guda da safiya guda.

Mu fara da abin da kake ɗauka. Ginin bulo mai fenti yana da launuka, da gilashi, da kusurwoyi masu kaifi, ko a wane haske aka ɗauke shi ana gane shi. Ginin ƙasa kuwa launinsa ɗaya da ƙasar da yake tsaye a kai, ba ya sheƙi, kusurwoyinsa duk a murje suke. Kyansa a jikin bangon yake. Je ka tsaya dab da bangon zauren nan ka ƙura masa ido. Za ka ga shatin yatsun wanda ya yi yaɓe, layi huɗu-huɗu suna lanƙwasa yadda hannunsa ya bi. Za ka ga guntayen ciyawar da aka cuɗa da ƙasar sun leƙo, da inda yaɓe ya zube kawunan tubali suka bayyana a jere, da hanyar da ruwan indararo ya sassaƙa shekara da shekaru, wataƙila har da layin gara da ya taso daga ƙasa. Yawancinsu zurfinsu bai kai gaɓar yatsa ba. Kai kana ganinsu domin ido biyu gare ka, kuma kana motsi. Kyamara ido ɗaya gare ta, inuwa ce kaɗai ke gaya mata cewa nan tudu ne, nan rami. In babu 'yar inuwa a gefen kowane shatin yatsa, to a wajenta babu shatin.

Wannan 'yar inuwar ba ta samuwa sai haske ya zo daga gefe, ya goge jikin bangon ya wuce. In rana tana bayanka, haskenta yakan shiga kowane rami ya cike shi, bango ya fito sumul kamar kwalin da aka shafa wa jar ƙasa. Dalilin da ya sa na hana ka filashi ke nan: a gefen idon kyamara yake zaune, haskensa daga gaba yake dukan bango, ya share duk abin da ka zo nema. Haka kuma tsohuwar shawarar nan ta "ka sa rana a bayanka" an yi ta ne don fuskokin mutane a hoton taro, kada ka kawo ta nan. Ma'aunin da nake ba kowa shi ne inuwarsa. In ka ɗaga kyamara ka ga inuwarka ta miƙe tana nuna ginin, ba a wurin da ya dace kake ba. Zagaya har sai inuwarka ta faɗi dama da kai ko hagu. In kuma ka duba ka ganta a dunƙule ƙarƙashin ƙafafunka, mayar da kyamara jaka ka shiga zaure, zan zo kan wannan.

Sai batun lokaci, kuma a nan ne yawancin darussan da ake gani a intanet suke ruɗar mutanenmu, domin a ƙasashen sanyi aka tsara su. Landan tana wajen digiri 51 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu. A watan Disamba, ko da tsakar rana, ranarsu ba ta wuce digiri 15 sama da ƙasa ba, wato wuni guda suna cikin haske mai kwance. Kano kuwa tana digiri 12, Zariya 11, Sakkwato 13, Damagaram kusan 14. A wajenmu rana kusan miƙe take hawa, tana cin kimanin digiri 14 a kowace awa. Cikin rabin awa da fitowarta ta kai digiri 6, jan hasken nan mai taushi ya fara gushewa. Awa ɗaya da 'yan mintuna ta kai digiri 15 ɗin da Bature yake wuni da shi. Kafin awa biyu da rabi ta haura 30. Kana iya auna wannan da sanda ba tare da wata na'ura ba: a digiri 6 inuwar sanda ta ninka tsawonta fiye da sau 9, a digiri 15 kusan sau 4, a digiri 30 ba ta kai ninki biyu ba, a 45 kuwa tsawonsu ɗaya. Hoton ginin ƙasa ya fi kyau tun daga fitowar rana har inuwa ta ragu zuwa ninki biyu, haka nan da yamma in ta koma ninki biyu zuwa faɗuwa.

A Disamba rana tana fitowa a Kano wajen ƙarfe 7 saura kwata, ta faɗi da 'yan mintuna bayan 6. A Yuni tana fitowa da an wuce ƙarfe 6 kaɗan, ta faɗi dab da 7. Amma ba sai ka haddace agogo ba, lokutan salla sun ishe ka. Ka idar da asuba kada ka koma barci, gari na wayewa ka kasance a tsaye inda ka zaɓa tun jiya. Da sanyin safiya ake kama fara. Kana da daga fitowar rana zuwa hantsi. In walaha ta yi, aikin waje ya ƙare. Da yamma kuma, sa'ad da ake kiran la'asar rana tana tsakanin digiri 30 da 45, gwargwadon watan da ake ciki, wato da sauranta. Ka yi salla, ka zagaya ka zaɓi wurin tsayuwa, ka jira la'asar sakaliya. Awar ƙarshe kafin magariba ita ce taka. A daidai lokacin da kake hawa mota za ka koma birni, a lokacin ne ya kamata a ce kana fito da kyamara.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne cewa kowane bango yana da watanninsa. Rana ba a wuri ɗaya take fitowa duk shekara ba. Wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba ne take fitowa a gabas sak. A ƙarshen Disamba tana fitowa kimanin digiri 24 kudu da gabas, ta bi ta kudu, da tsakar rana ba ta wuce digiri 55 ba. A ƙarshen Yuni tana fitowa digiri 24 arewa da gabas, ta wuni a arewacinka. Sau biyu a shekara take bi ta tsakar ka a Kano, wajen 21 ga Afrilu da wajen 22 ga Agusta. Ma'anar wannan a aikace ita ce, daga ƙarshen Satumba zuwa Maris bangon da ke fuskantar arewa ba ya ganin rana ko kaɗan. In ƙofar zaurenku arewa take kallo, kuma kana so rana ta haska ta, duk sammakon da za ka yi a hunturu a banza ne, sai ka dawo a Mayu ko Yuni ko Yuli. Bangon kudu kuwa a kaka da hunturu yake samun rabonsa, safe da yamma haske yana goge shi daga gefe, daidai yadda ake so. A Yuni shi ne yake wuni a inuwa.

Saboda haka abu na farko da za ka yi in ka isa shi ne ka san inda kowane bango yake kallo. Wayoyi da yawa suna da kamfas. In za ka auna da masallacin gari, ka tuna alƙibla a Kano ba gabas ce sak ba, ta karkata arewa da kimanin digiri 22. Kusan a nan rana take fitowa a watan Yuni.

Bangon gabas da na yamma su ne masu yaudara. Da safe rana tana dukan bangon gabas gaba da gaba, launi ya yi kyau, jikin bango ya ɓace. Alhali bangon gabas shi ne ya fi kowanne tarihi a jikinsa, domin hadarinmu daga gabas yake tasowa, shi yake shan feshin ruwa, shi ya fi zaizaya. Hanya biyu ce. Ko dai ka tsaya a kusurwa, yadda za ka kama fuska biyu na ginin, ɗaya a haske ɗaya a inuwa, nan take ginin zai sami jiki da kauri. Ko kuma ka jira lokacin da rana take shirin barin bangon, kamar awa ɗaya kafin ta yi tsaka, sa'ad da take goge shi daga sama. Wannan ita ce togaciya guda da nake yi wa hana ɗaukar waje da rana tsaka, kuma ta fi aiki a Nuwamba zuwa Janairu. A lokacin sai ka matsa kusa, ka cika hoton da bango zalla, ka fitar da sama da ƙasa. In akwai zanen magina a bakin ƙofa, irin dagin nan da ake fitarwa da ƙasa, kowane layinsa zai zubo da inuwarsa ƙasa ya fito raɗau. Bangon yamma shi ma haka, awa ɗaya bayan rana ta gota.

Rumbu ya fi zaure sauƙi ta wani fanni, tunda a zagaye yake, ko ina rana take akwai gefen da take gogewa, zagayawa kawai za ka yi. Abin da ake nema a jikinsa shi ne haske ya fara da ƙarfi a gefe ɗaya, ya riƙa raguwa a hankali har ya narke cikin inuwa a ɗaya gefen. Wannan ne yake nuna cikinsa ya bunƙasa. Ka sa kashi biyu cikin uku a haske, kashi ɗaya a inuwa, ka gani. Matsalarsa ita ce jinka. Da zarar rana ta hau, jinka takan jefa inuwa a wuyan rumbun, wannan ne baƙin da kake gani a hotunanka. Rana mai kwance kuwa tana shiga ƙarƙashin jinkar, ta haska bakin rumbun da igiyar da aka ɗaure shuci da ita. Ka kuma durƙusa. Rumbu a kan duwatsu ko itace ake ɗora shi saboda gara da laima, kuma a mintunan farko na safiya ko na ƙarshen yamma haske yana ratsawa ta ƙarƙashinsa tsakanin duwatsun. A tsaye ba za ka ga wannan ba, sai ka sauke kyamara zuwa gwiwarka. Ka dai leƙa da kyau kafin ka kai hannu ko gwiwa wurin, maciji da kunama suna son sanyin ƙarƙashin rumbu.

In rumbunan a jere suke, kamar yadda ake ganin manya-manyan na ƙasa a ƙauyukan Adar wajen Tawa, sai ka lura da inuwar wani a kan wani. Rana in ta yi ƙasa sosai, na farko yakan rufe na biyu gaba ɗaya. A irin wannan wuri gara ka ɗauka tun rana tana wajen digiri 15 ko 20, kafin inuwoyin su haɗe. Rumbun zana ko na kara kuwa, da danga, da jinka sabuwa, sun fi son rana ta kasance can bayansu ta ɗan karkace. Haske yakan kama bakin kowane tsinke ya zagaye su da wani zare mai walƙiya. In aka yi dace shanu suna dawowa daga kiwo sun ta da ƙura, ƙurar ma takan kama hasken. Sai dai ka kare idon kyamara da tafin hannunka ko hula, ko ka ɓoye ranar a bayan rumbun, in ba haka ba hoton zai yi hazo-hazo.

Game da yanayin shekara, in ka ce in zaɓa maka, kaka zan zaɓa, daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Ruwa ya wanke sama, ƙura ba ta sauko ba tukuna, an girbe gero, dammuna suna jingine kusa da rumbu, ana cikin aikin da aka gina rumbun dominsa. A tsakiyar damina dawa da gero sukan yi tsawon da za su ɓoye maka rabin ginin, amma damina tana da kyauta guda da babu kamarta: yammacin da hadari ya haɗu baƙi ƙirin a gabas, rana kuma tana yamma ba ta rufe ba. Ka tsaya yamma da ginin, ka ɗan goce gefe don kada inuwarka ta shiga, ka kalli gabas. Jar ƙasa tana ci da haske, bayanta sama baƙa. Ba ya daɗewa, wani lokaci mintuna biyar ne, don haka tun hadarin na haɗuwa ka je ka tsaya. Da iska ta taso ka bar fili saboda tsawa. Bayan ruwa ya ɗauke ma bango yakan jiƙe launinsa ya ƙara nuna, musamman wanda aka yi wa makuba. Amma don Allah kada ka jingina da tsohon bango a watan Agusta, kada kuma ka hau kan soro, lokacin ne ginin da ya sha ruwa yake zubewa.

Hunturu sai an yi masa bayani, domin hazo iri biyu ne a wajen mai hoto. Ƙurar da iskar arewa maso gabas take kwasowa daga Sahara, wadda kwarin Bodele a arewacin Chadi yake cikin manyan tushenta, in ta yi sirara taimako ce. Tana tausasa rana, inuwa ta daina yin baƙi ƙirin, ka sami damar yin aiki har wajen ƙarfe 10. Abin da ke nesa yakan dusashe, sai rumbun gaba ya fito, na bayansa ya yi shara-shara, bishiyoyin can nesa su kusa ɓacewa, hoton ya sami zurfi. Sama dai fara za ta fito, babu dabarar da za ta mayar da ita shuɗiya, saboda haka ka rage ta a hoton, ko ka sa rassan kuka su cike wurin. Gawo ma yana da amfani a nan, tunda shi da rani yake ganye, zai ba ka kore a fili. In hazon ya yi kauri kuwa, kada ka jira jan hasken yamma, ba zai zo ba. Rana takan koma farin faifai ta nutse cikin ƙura tun tana sama. A irin wannan rana ka fara tun ƙarfe 4. Kuma kada ka canza lens, wato gilashin idon kyamara, a fili, in ƙura ta hau gilashi ka hure ta kafin ka goge, in ba haka ba yashin zai karce shi. Bazara ba ni da abin yabo a kanta, sassafe kawai.

Yanzu tsakar rana, wadda ka saba zuwa a cikinta. Lokacin cikin zaure ne. Yashin ƙofar gida yana shan rana ya mayar da ita ciki ta ƙofa, hasken ya tashi daga ƙasa ya haska rufi, azara ta fito ɗaya bayan ɗaya, har baƙin hayaƙin da ya daɗe a jikinta. Launinsa ja-ja ne mai daɗi, domin launin ƙasar ya ɗauko. Ka tsaya gefen ƙofa daga ciki, ka ba ta kafaɗa, ka ɗauki bangon da hasken yake gogewa. In bai isa ba, shimfiɗa farin zanen gado ko farin yadi a rana daidai bakin ƙofar, za ka ga cikin ya ƙara haske nan take. Madubi da sabon kwano ba sa yi, haskensu yana da kaifi, tabo yake yi a bango. Wahalar tana zuwa ne in kana so ƙofar ta shiga hoton, domin hasken waje ya ninka na ciki sau ɗaruruwa. Idonka yana iya haɗa su, kyamara ba ta iyawa a ɗauka guda: ko ƙofa ta ƙone fari, ko ciki ya yi duhu. A waya ka kunna HDR, wato saitin da ke haɗa wuri mai haske da mai duhu su fito tare a hoto ɗaya. A kyamara ka ɗauki hoto uku ba tare da ta motsa ba, ɗaya daidai, ɗaya ka rage awon haske mataki biyu, ɗaya ka ƙara shi mataki biyu, ka haɗa su a kwamfuta. Ko kuma ka bar wannan hoton sai dab da magariba, sa'ad da hasken waje ya sauko ya kusanci na ciki.

A nan ne kaɗai zan ce ka kashe kuɗi: ka sayi abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, ko da mai araha ne. A cikin zaure, in kana so hoto ya fito tsaf a ISO 100 (saitin ƙarfin jin haske) da f/8 (saitin faɗin buɗewar idon kyamara), kyamara tana iya bukatar daƙiƙa ɗaya ko fiye, hannu kuwa ba ya tsayawa haka. In babu, kifa turmi ka ɗora ta, ko ka kwantar da ita a kan buhun hatsi, ka sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa 2 don kada dannawarka ta girgiza ta. Gilashin rage ƙyalli da ake ɗaurawa gaban lens, wanda ake rubuta CPL a jikinsa, yana ƙara wa sama shuɗi a kaka da damina in rana tana gefenka, amma yana cinye kusan mataki biyu na haske, a cikin hazo ba ya tsinana komai, kuma ba ya kashe ƙyallin ƙarfe tsirara. In akwai sabon kwano yana walwali a gefen hotonka, sauya wurin tsayuwa ko ka sauke kyamara ƙasa. Tsohon kwano mai tsatsa kuwa ka bar shi, launinsa yana tafiya da na ƙasa.

Saiti biyu ne suke yawan ɓata hoton ginin ƙasa. Na farko awon haske. Ka taɓa allon waya a kan ɓangaren bangon da rana take haskawa, sannan ka ja alamar hasken ƙasa kaɗan har sama ta dawo da launinta. Wurin da ya yi duhu ana iya ɗago shi wajen gyara, balle in a RAW ka ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, amma wurin da ya ƙone fari ya tafi ke nan. Na biyu daidaita launi. In ka bar kyamara ta zaɓa da kanta, takan ga jan bango cikin jan haske ta ɗauka kuskure ne, sai ta zuba masa shuɗi ta kashe shi. Ka sa ta a alamar rana, wato wajen 5500 a Kelbin, awon launin haske, ka bar ta a nan. Hasken faɗuwar rana yana sauka wajen 3000, kuma wannan bambancin ne yake ba ka launin da ka kwana dominsa.

Akwai abin da ba na kyamara ba ne, amma yana iya ɓata maka yammacin gaba ɗaya. Ko da yake garinku ne, ka gai da mai unguwa, ka nemi izinin duk wanda rumbunsa ko katangarsa za ta shiga hotonka. Abin da ke cikin rumbu sirrin mai gida ne, ba a leƙawa, ba a tambaya. Kada ka hau bishiya ko katanga don neman kusurwa, domin daga can cikin gidajen mutane kake kallo, kuma safe da yamma lokacin aikin mata ne a tsakar gida. Yara kuwa dole su taru. Ka tuna dab da magariba inuwar yaro tana iya ninka tsawonsa sau 9, yana can gefe amma kansa yana kan bangonka. Ka roƙi babbansu ya tara su a ɓangaren da ba rana take ba, ka yi musu hotonsu daga baya ka nuna musu. Mutum ɗaya a tsaye kusa da rumbu yana da kyau don a san girmansa. In dattijo ne kuma ya yarda, shuɗiyar riga ko mai duhu ta fi fara, domin fara takan ƙone a hasken da ya dace da bango.

Tunda ginin ba zai daɗe ba, ka raba aikinka gida biyu. Akwai hoton ƙawa, shi ne duk wanda muka yi magana a kai. Akwai kuma hoton adana, wanda jikokinku ko wani magini zai duba ya san yadda aka yi ginin. Wannan haske mai laushi yake so, wanda babu inuwa mai ƙarfi da za ta ɓoye wani abu: ranar da gajimare ya rufe, ko hazo sirara, ko mintuna 20 ɗin nan da ke tsakanin wayewar gari da fitowar rana. Ka ɗauki kowace fuska ta ginin gaba da gaba, kyamara a daidai ƙirjinka ba a ɗage ba don kada bango ya karkace, ka jingina sanda mai tsawon mita ɗaya a jiki. Ka bi zankwaye, da indararo, da ƙyaure, da bakin rumbu, ɗaya-ɗaya. Ka rubuta kwanan wata da inda kowace fuska take kallo.

Wajen gyara kuma ka yi hattara da ƙara launi. Manhajojin waya suna son mayar da kowane bango ja wur, alhali ƙasar kowane gari da kalarta: wata ja, wata ruwan toka, wata ta yi fari-fari, wadda aka yi wa makuba kuma ta yi duhu. Ka tsinto ɗan ɓallin yaɓen da ya riga ya faɗo ƙasa ka taho da shi, ka ajiye kusa da allo a hasken taga lokacin da kake gyara hotunan adanawa, ka daidaita launinsu da shi. Na ƙawa kuwa ka ɗago inuwa kaɗan kawai, yadda za a ga abin da ke cikinta ba tare da ta daina zama inuwa ba.